Man shanu, manja ko man gyaɗa: wanne ya kamata ya riƙe tukunya?

Maman 'Yan Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata murya da ke yawo a WhatsApp, na san wasunku sun ji ta. Mutumin cewa yake duk man da aka tatso daga iri, na gyaɗa ne, na waken suya ne, na auduga ne, guba ne, shi ya kawo mana hawan jini da ciwon suga, wai a koma man shanu da kitse yadda kakanni suka yi. To ni kuma an auna jinin maigidana an ce kolestarol ɗinsa, wani maiƙo da ke cikin jini, ya hau, likita ya ce ya rage man shanu da kitse da kayan ciki. Kun ga magana biyu sun ci karo. Ni ce mai girki, ni ke tsiyaya man a tukunya, kuma mutum takwas ke ci daga hannuna. Don Allah masu sani a warware mana.

Dattijon Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ban ji muryar ba, amma in haka yac ce, gaskiya yaf faɗi. Mu da munka tashi, tuwon dawa da miyar kuka in babu man shanu bisa, ba a cewa an ci abinci. Mahaifina har ya tsufa tukuf da ƙafa shika zuwa gona shi dawo. Ba mu san wani kolestarol ba. Sai da man jarka ya cika kasuwa munka fara jin wane ya faɗi a makewayi, wance ɓarin jikinta ya shanye. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗalibin Dundaye:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina bayanka. Na bi maganar a YouTube, akwai masu faɗin haka a Amurka. Sun ce man iri cike yake da wani nau'in maiƙo mai suna omega-6, shi kuma yana kunna kumburi a jiki. Kuma an taɓa yin bincike a kan Fulani makiyaya a nan Najeriya, aka ga suna cin man shanu da nono sosai amma jininsu lafiya lau. Da man shanu na toshe jijiya, ai da rugage sun ƙare.

Nas ɗin Dare, Gawon Nama:
Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da muke karɓa, hawan jini ne da ba a kula da shi ba ya kayar da su, kuma a nan gishiri da ɗunƙulen magi sun fi mai laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin magin. Sannan a da ma ana faɗuwa, sai dai ba a aunawa, a ce iska ce ta buge shi ko ajali ne ya zo. Na faɗi wannan ne don kada a ɗora wa mai kaɗai abin da ba shi kaɗai ya yi ba.

Malamar Abinci:
Maman 'Yan Biyu, ki riƙe maganar likitan maigidanki. Shi ya ga takardar gwajin, mai murya bai gan ta ba. Amma bari in buɗe abin yadda kowa zai iya auna shi a ɗakin girkinsa.

Duk man da muke ci gauraye ne. Akwai kaso mai daskarewa, akwai kaso mai zama ruwa. Ku lura da hunturu: man shanu ya ƙame, manja ya yi barci sai an matsar da kwalbar kusa da murhu, kitsen miya ya kwanta fari a bakin kwano, man waken suya kuwa yana nan yana zuba abinsa. Kaso mai daskarewar nan, in ya yi yawa, shi ke sa mugun kolestarol, wanda takardar asibiti ke rubutawa LDL, ya taru a jini. Shi kuma a hankali yake shiga bangon hanyoyin jini har su ƙuntace, shekara da shekaru, ba ciwo ba alama. Man shanu ya haura kashi 60 cikin 100 na mai daskarewa. Manja kusan rabi. Man alayyadi da man kwakwa sun wuce kashi 80. Man gyaɗa bai haura kashi 20 ba, man riɗi da na waken suya da na zaitun kuwa wajen kashi 15.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada maiƙo gaba ɗaya ya wuce kashi 30 na ƙarfin abincin da babba ke ci a yini, mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga mai cin kalori 2,000 a yini, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin abinci, hakan na nufin maiƙo wajen giram 65 duka, mai daskarewa wajen giram 22. Babban cokali ɗaya na mai giram 14 ne. In man shanu ne, giram 8 zuwa 9 na ciki mai daskarewa ne, manja wajen 7, man gyaɗa bai kai 3 ba. To ki lissafa: an yi miya da manja, an yaryaɗa man shanu cokali biyu a kan tuwo, ga nama da kitsensa, an wuce iyaka tun kafin a sha furar la'asar.

Ban ce a kori man shanu daga gida ba. A ɗauke shi kamar turare, ɗan ɗiso ya isa a ji ƙamshi. Wanda zai riƙe girkin yau da gobe ya zama mai ruwa.

Dattijon Ƙofar Rini:
Malama, lissahi ya yi, amma ba ki amsa wa yaron ga maganar Hillani ba.

Malamar Abinci:
Zan amsa, Baba. Binciken da ɗalibinmu ya ambata gaskiya ne, an buga shi a 2001, a kan Fulani makiyaya na yankin Jos. An ga kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, amma gwajin jininsu bai nuna haɗari ba. Sai dai masu binciken da kansu sun faɗi abin da suke ganin ya jawo hakan: mutanen ba sa cin abinci da yawa, ba su da ƙiba, kuma yini suke a kan ƙafa bayan shanu. Wanda ya ɗauki man shanunsu ya bar tafiyarsu, rabin labarin ya ɗauka. Mahaifinka da ke zuwa gona a ƙafa, da wanda zai fito daga gida ya hau kabu-kabu, ya zauna a shago ko ofis har Azahar, ya ci shinkafa da lemun kwalba, ya sake hawa mashin ya koma, jikinsu ba zai yi wa cokalin man shanu hukunci ɗaya ba.

Akwai kuma ƙasar da ta gwada abin a kan al'umma guda. A Finland, yankin Karelia ta Arewa, mutane masu kiwon shanu ne, man shanu a kan burodi, madara mai maiƙo a kofi, kuma mazansu na mutuwa da ciwon zuciya tun da sauran ƙarfinsu. A 1972 aka fara gangamin sauya man shanu da man tsirrai, da rage taba da gishiri. Cikin shekarun da suka biyo baya mutuwar maza masu shekarun aiki ta ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80. Ba mai kaɗai ya yi aikin ba, amma saukar kolestarol na cikin manyan dalilai.

Maganar omega-6 kuma, jiki ba ya iya ƙera shi, dole sai an ci. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su nuna cewa cin sa a abinci yana kunna kumburi ba, abin da suka nuna shi ne in ya maye gurbin mai daskarewa, LDL na sauka. Inda muke da giɓi na gaske shi ne omega-3, wani nau'in maiƙon da ake samu a kifi, ba ma cin sa yadda ya kamata. Maganin wannan a ƙara kifi, ba a zubar da man gyaɗa ba.

Bafulatanar Wamakko:
Ni a ruga aka haife ni, bari in ƙara wa Malama. Mutanen gari gani suke kamar muna iyo a cikin man shanu. Ba haka ba ne. Inna in ta kaɗa nono ta tsame man, dunƙula shi take ta jefa a ƙwaryar tsala, washegari ta ɗauka zuwa kasuwa. Man nan shi ne kuɗin gishiri da sabulu da zane. Abin da ke rage mana a gida nonon da aka cire wa mai ne, da fura, da tuwo. Man shanu a miya sai an yi baƙo ko mai jego. Yanzu da nake aure a gari, na fi ganin sa a kwanon mutane fiye da yadda na gan shi a namu.

Kuma ku kula da wanda kuke saye soyayye a kwalba. Akwai masu haɗa shi da bota don ya yi auki. Na gaske in ya kwanta za ka ga tsaki-tsaki a jikinsa, ƙamshinsa kuma ba ya ɓoyuwa. In da hali ka sayi ɗanye ka soya da kanka da 'yar albasa.

Ɗalibin Dundaye:
Na karɓi maganar tafiya. Amma man jarka da ake tacewa da sinadari a masana'anta fa? Ni har yanzu hankalina ya fi kwanciya da wanda matan unguwa ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli.

Malamar Abinci:
Man ƙuli mai kyau ne, ni ma shi nake so a kwaɗon zogale. Sharaɗinsa a san gyaɗar da aka yi shi da ita. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wanda aka tace a masana'anta yana da nasa amfanin: dokar Najeriya ta wajabta a sa masa bitamin A, za ka ga tambarin ido a jikin robar, tare da lambar NAFDAC. Abin tsoro shi ne wanda ake aunawa daga jarka marar suna, ba ka san ko na mene ne ba. Da yawan abin da muke kira man gyaɗa a kasuwa ma ba gyaɗa a cikinsa, manja ne da aka tace aka cire masa ja, shi ya sa yake barci da sanyi. Wannan kasonsa mai daskarewa ya haura kashi 40, ya ninka na gyaɗa.

Kuma kada rubutun da ke jikin roba cewa babu kolestarol ya ruɗe ku. Babu man tsiron da ke da kolestarol tun asali, har manja da man kwakwa.

Hajiya Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa:
To ni dai tun da aka ce mini manja na toshe jijiya na daina saye. In ma na yi amfani da shi sai na soya shi ya yi fari tas.

Malamar Abinci:
Hajiya, a nan kam an yi asara biyu. Jan nan na manja shi ne alherinsa, jiki na mayar da shi bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar yara. In kika ƙona shi har ya yi fari, hayaƙi ya turnuƙe gida, kin kashe bitamin ɗin, mai daskarewar kuma yana nan bai je ko'ina ba. Gara ki sa kaɗan, yana narkewa ki zuba albasa da kayan miya. Wasu na raba shi biyu da man gyaɗa, miya ta yi launi, nauyin ya ragu. Ki dai guji wanda jansa ya yi yawa har yana rina yatsa, an sha jan kunne a kan masu zuba masa rini.

Mai Ƙosai ta Runjin Sambo:
Ina ta karatu ban ce komai ba, don na san za a iso kaina. Kullum sai an ce mu masu suya muna maimaita mai. E, muna maimaitawa. Ku gaya mini, da tsadar man ga, in na zubar da na kasko kowace sahiya, nawa zan sai da ƙosai guda? Wa zai saye? Da wagga sana'a nika ciyar da marayu huɗu. Masu cewa a zubar ba su taɓa zama gaban wuta tun Asuba suna lissahin riba ba.

Nas ɗin Dare, Gawon Nama:
Inna, babu mai ganin laifinki, Allah ya sa wa sana'a albarka. Mu ma da muka tashi daga aikin dare wajen irinku muke karyawa.

Malamar Abinci:
Inna, ba zan ce ki zubar kullum ba, na san ba zai yiwu ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, a duk abin da aka tattauna yau wannan ya fi damuna, ya fi man shanun Baba. Mai in ya sha wuta ya huce, ya sake sha ya huce, lalacewa yake, yana haifar da sinadarai masu cutar da hanyoyin jini, kuma ke da ke shaƙar hayaƙinsa kullum kin fi mai saye shiga haɗari.

Ga abin da zai rage ɓarnar ba tare da ya cinye jarinki ba. Ki koma ƙaramin kasko mai zurfi, yadda man da za ki zuba zai zama kaɗan, ƙosan ya shanye mafi yawansa kafin ki tashi, gobe ki fara da sabo ko kusan sabo. Kada ki bar shi a kan wuta babu komai a ciki yana hayaƙi, in ciniki ya tsaya ki ja itace baya. Ki riƙa tsame ɓurɓushin da matsami, don su ne ke ƙonewa su baƙanta shi. In kin tashi ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki rufe, ki ajiye inda rana ba ta dukansa. Ranar da kika ga ya yi duhu, yana kumfa, yana danƙo a gefen kasko, ko yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ya gama aiki. A nan kam kada a ba kowa, ko a kan ɗanwake.

Na faɗi ɗanwake ne don na san ana sayen man da masu suyar kaji da kifi suka gama da shi, saboda araha da ɗanɗano, a zuba a garau-garau. Wannan shi ne mafi munin man da ke shiga cikin yaranmu.

Mai Ƙosai ta Runjin Sambo:
Tacewa ina yi. Ƙaramin kasko ne ban taɓa tunani ba, sai dai layi zai yi tsawo, masu zuwa makaranta ba su da haƙuri. Zan gwada ranar da ba boko in gani.

Direban Illela:
Mu da rayuwarmu ke kan hanya fa? Safe shayi da burodi da bota da ƙwai, rana abin da aka samu a tasha, dare tsire. An ce mini ƙwai ma kolestarol ne.

Malamar Abinci:
Gwaiduwa na da kolestarol, amma mafi yawan wanda ke jininka hantarka ce ke ƙera shi, kuma mai daskarewa ya fi ƙwai tunzura ta. Ga mai lafiya ƙwai ɗaya a yini ba abin tsoro ba ne. Kalli dai yadda mai shayi ke yi: ya tsiyaya mai ya rufe gindin kasko, ya fasa uku, ya juye duka da man a cikin burodin da aka riga aka shafe da bota. Ka ce ya rage man, ka bar botar, ko ka karɓi dafaffe. Mai ciwon suga ko wanda kolestarol ɗinsa ya riga ya hau, ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi.

Tun da an zo kan bota, akwai wani nau'in maiƙo da ya fi kowanne illa, ana ce masa tirans. A masana'anta ake samar da shi in an daskarar da man tsiro da haidurojin don ya daɗe bai lalace ba. Yana ɗaga mugun kolestarol, ya kuma saukar da mai kyau, wato HDL. Denmark ce ta fara taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'ida a 2023 cewa kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Doka ta yi kyau, amma ba ta bin mutum har teburin mai shayi. Biskit da kek da cincin da fanke na kullum, a rage.

Ɗan Mahauta, Kasuwar Daji:
Ni abin da nika gani a kan teburi shi zan faɗi. Mutum zai zo sayen nama, in ka ba shi tsoka zalla sai ya ce ka cuce shi, sai ka ɗora mishi kitse gyara. Wajen tsire kuwa wani cewa zai yi a sa tozo da kitse tsakanin kowace yanka. Jar akuyarmu da ke yawon kiwo namanta ba shi da kitse sosai, ragon da anka turke wata da watanni shina cin dusa da kowa shi ne za ka buɗe ka ga fari ya lulluɓe ƙoda. In likita ya hana ka kitse, ka gaya wa mahaucinka, minti biyu ne ya feɗe maka shi. Kilishi ma ai tsoka ce zalla, ba a yin shi da kitse.

Malamar Abinci:
Gaskiya ne, sai dai mai hawan jini ya tuna da gishiri da magin da ke cikin kilishin. Wata dabara ga masu firji: a dafa naman tun dare, a bar romon ya kwana, da safe kitsen ya taso ya daskare a sama, a kwashe da cokali. Sai kuma kakiden Layya, wanda wasu gidajen ke ci har wata biyu a kan kowane abinci. A ɗanɗana na kwana kaɗan don Sallah, amma maigidan Maman 'Yan Biyu kam ya haƙura da shi.

Malamin Islamiyya, Arkilla:
Allah ya saka wa Malama. Zaitun itaciya ce da Alƙur'ani ya kira mai albarka a Suratun Nur. Me zai hana mu koma gare shi gaba ɗaya?

Malamar Abinci:
Malam, man zaitun na cikin mafi kyau, sama da kashi 70 ɗinsa nau'in da ke sauƙaƙa wa zuciya ne. Mai hali ya saya. Amma gidan mutum takwas ba zai yi miya da 'yar kwalbar da ake sayarwa a kantin magungunan Musulunci ba, kuma ba na so talaka ya ji kamar lafiya ta fi ƙarfin aljihunsa. Nau'in maiƙon da ya yi yawa a zaitun, shi ne dai ya yi yawa a gyaɗarmu. Ga riɗi, ga agushi, ga waken suya da muke awara da shi. Sannan masu shan zaitun cokali-cokali a kan abincin da suka saba, da nufin ya wanke kitse, su sani ba ya wankewa, ƙari ne. Kowane mai, har zaitun, kalori wajen 120 ne a babban cokali. Amfaninsa na fitowa ne in ya shiga a madadin wani.

Nas ɗin Dare, Gawon Nama:
Ina roƙon a ji wannan da kyau, don na ga inda irin hirar nan ke kaiwa. Uwa ta ji an ce mai na da illa, sai ta hana yaro. A jihar nan ta Sakkwato tamowa ta fi kolestarol kashe mana yara. Nonon uwa kusan rabin ƙarfinsa daga maiƙo yake. Abincin leda da ake ba masu tamowa a asibiti, gyaɗa ce da mai da madara da suga, kalori 500 a leda guda. Yaron da aka fara ba abinci bayan wata 6, cikinsa ƙarami ne, kunu tsararo ba ya riƙe shi. A sa masa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, ko a dama da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sai da maiƙo, don haka ko zogale da karas aka ba shi babu ɗigon mai, ba zai amfana yadda ya kamata ba. Ragewar da ake magana ta manya ce masu zaman wuri ɗaya, ba ta yara ƙanana ba, ba ta mai shayarwa da ta rame ba.

Maman 'Yan Biyu, Mabera:
Wannan ta shige ni, don 'yan biyun nawa yanzu aka yaye su. Malama, mu kwalba ɗaya ta kwana uku take yi mana. Ya yi yawa?

Malamar Abinci:
In kwalbar santilita 75 ce, mai wajen giram 690 ke ciki. Raba wa mutum takwas a kwana uku, kowa ya tashi da kusan babban cokali biyu a yini. Wannan kaɗai bai yi muni ba, in ba a bi shi da soye-soyen waje da kitse da bota ba. Sai dai rabon ba daidai yake zuwa ba, kwanon maigida ake kwashe wa saman miya inda man ya taru. Ki juya abin: saman miya ga yara, nasa ki ɗebo daga ƙasa. Ki daina tsiyaya daga kwalba, ki auna da cokali, ido na ruɗi. Sannan kifi sau biyu a mako. Wanda ya fi omega-3 shi ne na teku mai maiƙo, titus da shawa da sardin, ko na gwangwani ne. Tarwaɗa da karfasa na gulbin Rima ko na Goronyo ba su kai su ba, amma duk da haka sun fi jan nama sauƙi ga zuciya.

Dattijon Ƙofar Rini:
Na ji bayanin tahiya da ƙafa, wannan gaskiya ne, mu ma yanzu mota ka kai mu ko'ina. Amma ni ban yarda man jarka ya hi man shanu ba, ban kuwa bari nai. Abin da zan iya, in ce a rage hannu, miya kuma a yi ta da man gujiya na gida wanda nis san mai matsa shi.

Malamar Abinci:
Baba, in an yi hakan ma an yi mai yawa. Ka dai daure a riƙa auna maka jini lokaci zuwa lokaci.

Direban Illela:
Shi gwajin kolestarol ɗin, sai mutum ya ji ciwo zai je? Kuma da yunwa ake zuwa?

Nas ɗin Dare, Gawon Nama:
Ba ya ciwo, shi ya sa ake aunawa. Siriri ma na iya samun sa, don wani gado ne. In ka kai shekara 40, ko kana da hawan jini ko suga, ko wani a gidanku ya taɓa samun bugun zuciya da sauran ƙuruciya, ka je. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Wasu ɗakunan gwajin za su ce ka kwana ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai, wasu ba sa buƙata, don haka ka tambaya tun kafin ranar. In an ba ka takardar kada ka tsaya a jimillar sama, ka ce a nuna maka LDL da HDL daban. In kuma likita ya ɗora ka a kan magani, gyaran abinci tafiya yake tare da shi, kada ka ajiye maganin don ka sauya mai.